Inci Biyun da Mama Ta Rage

Kun gan ta. Kada wani ya ce bai gan ta ba. Yarinyar nan da take maƙale a jikin katangar makaranta lokacin hutun cin abinci, hannuwanta a rungume a ƙirji, tana kallon 'yan'uwanta suna tsallen igiya. Kun wuce ta kun ce kunya ce da ita. Wasunku ma kun je har gidansu, kun ja kumatunta kun ce, "Wannan ce mai cinye abincin gidan ko?" Kuka yi dariya, kuka ɗauki jakarku kuka tafi, kun manta kafin ku kai bakin titi. Ita ba ta manta ba. To ku zauna ku ji inda dariyar taku ta sauka.

Tulu ake ce mata a gida. Uwarta ce ta laƙaba mata tun tana rarrafe, sunan kuma ya bi ta har aji shida. Shekararta goma sha biyu. Ba wata ƙiba ce ta tashin hankali gare ta ba. Jikin dangin ubanta ta ɗauko, faɗin kafaɗa da cikar dantse, ga ƙarfi, don a tsallen igiya babu mai kamo ƙafarta a duk ajinsu. Ƙanwarta kuwa, mai shekara takwas, siririya ce kamar uwar, ita ake kira 'Yar Tsana.

Mama tela ce, kayan yara take ɗinkawa. Ɗakin gaba na gidan shi ne shagonta: keke biyu, teburin yanka, madubi mai tsayi, sai wata 'yar farar kujera marar jingina a kusa da taga, inda haske ya fi kyau. Duk rigar da aka gama sai an sa wa 'Yar Tsana, ta hau kujerar, Mama ta durƙusa a gabanta da fil a baki, ta gyara nan ta ja can, sannan ta ɗaga waya.

"Juya, 'yar tsanata. Ɗan ɗaga haɓa. Yauwa! Murmushi fa."

Tulu takan kasance a ƙasa da tsintsiya, tana tattara guntayen ƙyalle. Daga can take kallon yatsun Mama a wuyan ƙanwarta, yadda suke lallaɓa shi kamar ƙwai. Ta san nauyin hannun nan a bayanta idan ta yi laifi, amma ba ta san laushinsa ba. Duk lokacin da wayar ta yi ƙyas, sai ta ji wani abu ya tokare ta a ƙasan ƙirji, mai ɗaci, mai zafi. Ba ta taɓa hawa kujerar nan ba ko da wasa. An taɓa cewa za ta karya ta.

Ana saura kwana uku a koma makaranta Mama ta kira ta awo. Matar mai kantin magani tana zaune a shagon, ta zo karɓar ɗinki ta zarce da hira.

"Ɗaga hannu. Ɗaga mana, kamar wadda aka ɗaura wa dutse." Mama ta zagaya tef a ƙugunta, ta duba, ta sake dubawa. "Ashirin da tara! Jama'a ku ji mini. Bara fa ashirin da bakwai na auna."

"Girma ne," in ji baƙuwar tana dariya. "Ko kuwa tukunya ce take bi da dare?"

"Wane girma? Ni da na zo gidan nan da aure ban kai haka ba."

Ta ɗauki alli ta rubuta a gefen yadin. Baƙuwar ta leƙa.

"Maman yara, kin yi kuskure. Ashirin da bakwai kika rubuta."

"Daidai na rubuta. Na gaji da bin ta da yadi. Daga yau ita za ta bi yadin. Idan riga ta matse ta, za ta tuna ta rage loma."

Kowane telan kirki yakan bar rara a cikin ɗinkin yaro, ɗan abin da za a saki idan jiki ya ƙaru. Mama ta san wannan fiye da kowa, don ko rigar ɗan maƙwabta ba ta taɓa ɗinkawa ba tare da rara ba. Amma da ta gama kayan makarantar Tulu sai ta juya su, ta bi gefen ɗinkin da almakashi ta datse rarar tas.

"Don kada tausayi ya kama ni in saki," ta ce. "Gata nake miki, ba ki sani ba."

Ranar farko sai da Tulu ta riƙe numfashi sannan zif ɗin siket ya hau. Rigar ta kama ta a hammata kamar mai jin haushinta. A haka ta kama hannun ƙanwarta suka tafi, 'Yar Tsana tana tsalle a gefenta, tata rigar tana kaɗawa a iska.

Da aka fita hutu, 'yan ajinsu suka fito da igiya suna kiranta. Ta manta da komai ta shiga. Tsalle goma, ashirin, igiya tana ƙara sauri, yara suna ƙirgawa da ƙarfi. A na talatin da wani abu ta ji ɓarrr daga hammata har ƙugu. Igiya ta tsaya. Sai wata mai bakin tsiya ta ce, "Wayyo, tulu ya fashe!" Filin ya ɗauki dariya, har da masu sayar da alawa a bakin ƙofa.

Da jakar littattafai ta rufe gefenta har gida.

"Kin gani ko?" in ji Mama, ko kallon fuskarta ba ta yi ba. Ta zauna a keke ta bi wurin da ɗinki biyu, da zare mai ƙarfi. "Wannan idan kin isa ki fasa shi."

Tulu ba ta ƙara taɓa igiya ba. Ta daina gudu, ta daina ɗaga hannu a aji ko da ta san amsa, don ɗaga hannu yana jan hammata. Sannan ta daina shan ruwa a makaranta, saboda idan ta shiga banɗaki ta sauke zif, mayar da shi yaƙi ne, wata rana sai da aka kaɗa ƙararrawa tana ciki tana kuka tana ja. Rigar da aka ɗinka don ta gyara mata jiki, ita ce ta fara raba ta da wasa da ruwan sha.

A satin nan Malamar kimiyya ta manna wani babban hoto a bango: ƙwai da wake masu gina jiki, lemo da ganye masu kare shi, ruwa da yawa, wasa kullum, brushi safe da yamma. Tulu ta haddace shi tsaf. Da aka yi gwaji ita ta zo ta ɗaya. Malama ta sa aka tafa mata. Tana tsaye ana tafawa, leɓenta a bushe, cikinta yana kuka, gorar ruwanta cike a cikin jaka. Yaro ba ya koyon cin abinci daga hoton bango. Daga idon da yake kallonsa idan ya kai loma baki yake koya.

Dabarar ta zo mata ne wata ranar Talata. Ta buɗe kwanon abincinta, burodi da dafaffen ƙwai da ayaba, ƙamshin ya bugi hancinta har ta ji jiri. Can ta hango 'Yar Tsana a ƙarƙashin bishiya, wasu malamai biyu suna shafa kanta suna cewa sun ga hotonta a waya. Abin nan mai ɗaci ya taso wa Tulu. Ta rufe kwanon ta nufi wurin.

"Ungo, ci."

"Yaya, na ci nawa."

"Ƙara. Ba kya son ki yi ƙarfi?"

'Yar Tsana ta ci burodin, ta bar ƙwan. Tulu ta ɓare shi ta tura mata a baki. Kashegari ma haka. 'Yan kuɗin da ake ba ta na kashewa kuwa duk a bakin ƙofa suke ƙarewa, a alawa da cakulan da lemon kwalba, ta ɗura wa ƙanwarta a hanyar gida. Da safe idan an ce ta haɗa shayi, nata ruwan zafi ne zalla, na 'Yar Tsana cokali huɗu na sukari. Lissafinta mai sauƙi ne: abin da ya fita daga jikinta ya shiga jikin waccan. Wata rana tef zai zagaya ƙugun 'yar gwal ɗin, Mama ta duba ta sake dubawa, ta kira jama'a su ji. Ranar nan kawai take jira. Kowace yamma idan suna cire kaya sai ta kama dantsen ƙanwarta ta matsa, kamar mai duba ko mangwaro ya nuna.

"Yaya, da zafi!"

"Wasa nake miki."

Kuma kowa ya yaba. Mai gadin makaranta ya ce bai taɓa ganin yayar da take son ƙanwarta haka ba. Malama ta kawo ta misali a darasin tarbiyya. Ita ce kuma ta fara lura cewa yarinyar da take zuwa ta ɗaya ta koma kwantar da kai a tebur. Ta tsayar da ita wata rana.

"Lafiyarki kuwa? Idonki ya faɗa."

"Lafiya lau, Malama."

"Kina cin abinci?"

"Ina ci."

Malama ta dube ta, ta dubi tarin littattafan da ba ta duba ba, yara hamsin da wani abu. Ta ce a ranta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, uwarta tana nan da ranta, ba a shiga tsakanin uwa da 'ya. Ta ce, "To, ki riƙa kwanciya da wuri." Magana ta ƙare a nan.

'Yar Tsana ba ta ƙara ko inci ɗaya ba. Tulu ce take zubewa. Wata biyu, siket ya daina cizo. Wata uku, ya fara juyawa da kansa. Gashinta yana bin mataji, sanyi yana kama ta da rana tsaka, idan ta miƙe da sauri sai ɗaki ya yi duhu. A gida ta ƙware: ta yi ta juya cokali a cikin shinkafa, ta tura rabi gefe, ta ce za ta ƙarasa a kicin, ta juye a kwandon shara ta rufe da ɓawon albasa. Mama tana gani. Ba makauniya ba ce, mace ce da take gane rabin inci daga ƙofar ɗaki. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yanzu kika fara hankali." Tulu ta ɗauki kalmomin nan huɗu ta kwana uku tana juya su a ranta, sun fi mata kowane abinci daɗi.

Baba direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana a gida ba. Da ya dawo, suna cin abincin rana, ya tsaya da cokali a hannu.

"Wai ina sauran 'yata? Rabi na tarar."

"Tsayi take yi," in ji Mama.

"Tsayi? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Zo nan, uwata." Ya kama wuyan hannunta, yatsunsa biyu suka zagaye shi har da saura. "Ba ki da lafiya ne?"

Tulu ta buɗe baki. Idonta ya faɗa a na Mama, ta rufe.

"Kai da ba ka zama, me ka sani?" Mama ta ajiye ludayi da ƙarfi. "Ni nake jin abin da mutane suke faɗa. Ni ake tambaya ko 'yar riƙo ce, don ba ta yi kama da ni ba. So kake ta zama kamar yayarka, da sai an buɗe ƙofa biyu take shiga mota? Gobe idan ta girma aka yi mata dariya, ni za a zaga, ba kai ba."

"Ni dai na ga kamar..."

"Ka ga kamar me? Ka taɓa ganin na hana ta abinci? Ga shi nan a gabanta."

Baba ya saki hannun. Ya gaji, kwana biyu kawai gare shi, ba ya son ya ƙarar da su a faɗa. "To, harkarku ce ta mata," ya ce, ya ci gaba da cin abincinsa. Da zai tafi ya sayo mata kilo guda na nama ya ce a soya mata. 'Yar Tsana ce ta cinye rabonta a bayan gida.

Sai haƙori ya tashi. Wata safiya 'Yar Tsana ta farka da kumatu ɗaya kamar an cusa mata lemo, tana ihu. Mama ta fito ko ɗankwali babu. Shagon da ba a taɓa rufewa ba ko ranar da Tulu ta yi zazzaɓi, ranar nan aka sa masa kwaɗo tun ƙarfe takwas. Ta goya yarinya mai shekara takwas a baya har bakin titi.

"Mama, ni ma kaina yana juyawa," in ji Tulu daga bakin ƙofa.

"Ki sha ruwa. Ke komai sai kin sa kanki a ciki?"

Tulu ta tsaya tana kallon ƙafafun ƙanwarta suna lilo a bayan Mama. Ta sa harshe ta bi haƙoranta ɗaya bayan ɗaya ko za ta sami mai ciwo. Duk lafiyarsu ƙalau. Har wannan ma sai ta ji haushinsa.

Da suka dawo, Mama ta shigo kamar guguwa. Likitan haƙori ya ce haƙora uku sun ruɓe, ya tambayi wanda yake ba yarinyar zaƙi haka, 'Yar Tsana kuma ta ce Yaya.

"Ashe ke ce! Ni ina nan ina hana ta alawa, ke kina bi ta baya kina ɗura mata? Da wane baki za ta yi mini murmushi yanzu? Ke kin lalata naki jikin, shi ne kike baƙin ciki da nata?"

Tulu ta sunkuyar da kai. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne gaskiya ce. Ta leƙa ɗaki ta ga ƙanwarta a kwance da auduga a baki, hawaye ya bushe a kumatunta, ta ɗago hannu tana cewa, "Yaya, zo ki zauna." Yarinyar ba ta san komai ba. Tulu ta ji kunya ta rufe ta, ta yanke wa kanta hukunci irin wanda ta iya: ranar ko ruwan zafin ba ta sha ba. Mama kuwa ba ta tsaya ta tambayi kanta wa ya koya wa 'yar shekara goma sha biyu baƙin ciki da jikin ƙanwarta ba. Laifi tudu ne.

Kwana biyu bayan haka matar mai kantin magani ta zo karɓar rigar 'yarta, doguwa, ruwan hoda, mai duwatsu a wuya. Mama ta kwana uku a kanta, ba za ta bari ta fita ba hoto ba. Ta dubi 'Yar Tsana, kumatu har yanzu a kumbure, rigar ma ta yi mata yawa. Ta yi tsaki. Sai idonta ya sauka a kan mai tsintsiya.

"Ke, zo nan."

Tef ya zagaya. Mama ta duba, ta sake dubawa.

"Ashirin da biyar," ta ce a hankali. Sai fuskarta ta washe. "Kin gani? Ban faɗa miki ba? Dubi abin da riga ɗaya ta yi!"

"Wallahi kin iya," in ji baƙuwar. "Ni ma tawa zan kawo miki ki yi mata irin wannan ɗinkin."

"Sa wannan," in ji Mama. "Hau kujera."

Tulu ta ɗauka kunnenta ne. Rigar ta zuba a jikinta kamar ruwa, zif ya hau babu gardama. Ta sa ƙafa ɗaya a kan farar kujerar, ta sa ta biyu. Ba ta karye ba. Daga sama shagon ya zama wani iri, ta ga saman kan Mama, ta ga furfura biyu da ba ta taɓa gani ba. Mama ta durƙusa da fil a baki. Yatsun nan suka zo wuyanta, suka gyara duwatsun, suka shafa kafaɗarta. Ashe haka suke da laushi. A bakin ƙofa 'Yar Tsana tana tsaye, hannu a kumatu, tana kallonta da wani irin ido. Tulu ta gane idon nan da nan, don nata ne. Wani daɗi ya ratsa ta tun daga tafin ƙafa.

"Juya. Ɗan ɗaga haɓa. Murmushi fa."

Ta ɗaga haɓa. Tagar ta yi fari fat, sannan ta fara tafiya gefe. Muryar Mama ta koma can nesa kamar daga cikin rijiya. Ta yi ƙoƙarin riƙe murmushin, don kada a ce ta ɓata hoto. Goshinta ya daki ƙarfen keke kafin ta kai ƙasa.

A asibiti aka yi mata ɗinki huɗu a goshi, aka sa mata ruwa. Likitar, wata mace mai gilashi da ba ta da lokacin wasa, ta kira Mama gefen gado.

"Yaushe rabon yarinyar nan da ta ci abinci ta ƙoshi?"

"Likita, abinci a gidana har zubarwa ake yi."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Jininta ya yi ƙasa, jikinta babu ruwa, bugun zuciyarta ya yi rauni. Wannan ba aikin kwana biyu ba ne, watanni ne. Ba ki ga tana ramewa ba?"

"Na gani, amma ai da ta yi ƙiba da yawa."

"Wa ya ce? Wane ma'aikacin lafiya ne ya auna ta ya ce ta yi yawa?"

Mama ta ce, "Ni tela ce, na san awo."

"Awon yadi kika sani. Yarinya mai girma dole ƙugunta ya ƙaru, kamar yadda ƙafarta take ƙaruwa. Kin taɓa saya mata ƙaramin takalmi don ƙafar ta koma?" Likitar ta rage murya. "Ki ji ni da kyau. Ciwon goshi zai warke cikin sati. Wanda yake cikin kanta shi ne abin tsoro, yana kashewa. Yanzu tsoron abinci take ji. Za mu fara da kaɗan kaɗan, kuma akwai mai ba da shawara da za ta riƙa ganinku, ke da ita. Daga yau kada wanda ya ƙara yi mata maganar jiki. Ko yabo ko zagi. Kin ji?"

Mama ta fashe da kuka. "Ni gata na yi mata. Duniya ce ba ta da kirki, ni na san abin da ake yi wa mai jiki." Baba da aka kira a waya ya ce ai shi ya faɗa tun farko. Malama ta aiko da gaisuwa, ta ce dama ta lura. Kowa ya lura.

Rana ta uku, da hantsi, Tulu tana zaune an jingina ta da matashi. Mama ta kawo shinkafa mai laushi da ɗan kifi, ta zauna a bakin gado, ita da kanta ta riƙe kwanon. Idonta ya kumbura, ta daina maganar gata.

"Ci, don Allah. Ko cokali biyar."

Tulu ta dubi cokalin kamar wuƙa. Ta ɗauka. Na farko ya wuce da ƙyar. Na biyu. A na uku ta ji ɗanɗanon kifin, jikinta ya tuna abin da ya rasa, hawaye ya zubo mata. 'Yar Tsana tana zaune a ƙarshen gadon, kumburin ya saɓe, tana gutsurar burodi tana ƙirga mata: "Uku, Yaya! Saura biyu!"

Sai ga wata maƙwabciya ta shigo dubiya da ledar lemo, mace mai kirki, mai son mutane, irin wadda ba ta taɓa nufin kowa da sharri ba. Ta yi sannu, ta yi addu'a, ta tsaya ta ƙare wa Tulu kallo.

"Ikon Allah! Wai Tulu ce wannan? Ke, ai ciwon nan ya karɓe ki! Dubi wuya, dubi ido. Wallahi yanzu kin fi ƙanwar taki kyau. Ki dai yi hankali kada ki koma yadda kike."

Mama ta buɗe baki, kunyar baƙuwa ta rufe mata shi. Ta yi 'yar dariyar yaƙe.

Cokali na huɗu yana hanya. Ya tsaya. Tulu ta mayar da shi cikin kwano a hankali, ta juya fuska bango.

"Na ƙoshi."

'Yar Tsana ta dubi yayarta, ta dubi matar, ta dubi burodin da yake hannunta. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ajiye shi a kan zanen gado, ta goge yatsunta a riga.

"Ni ma na ƙoshi," ta ce.

Matar nan ta koma gida tana jin ta yi zumunci. Ba muguwa ba ce, kuma ba baƙuwa ba ce a gare ku: bakinta irin naku ne. Saboda haka ba kuka ake nema a wurinku ba, kuka ba ya mayar da cokali baki. A gidanku, ko gidan 'yar'uwarku, ko ajin da kuke koyarwa, akwai yaron da ake kira da sunan jikinsa. Ku hana, yau, ko da uwarsa ce take kira, ko da za a ce kun cika shisshigi. Idan kun ga yaro ya daina wasa, ko kwanonsa yana dawowa a cike, ko kullum shi ne mai kyauta da abincinsa, kada ku karɓi "lafiya lau". Ku zauna kusa da shi ku sake tambaya, ku kai shi wurin ma'aikacin lafiya tun yana tafiya da ƙafarsa. Idan kuma kun shiga gida kun tarar da yara biyu, kuka ji harshenku yana ƙaiƙayin faɗin wadda ta fi kyau, ku cije shi har ya yi jini. Ku tambaye su me suka koya a makaranta.